Baƙi Mai Goyo

Aji ɗaya, Bajoga, Talata da hantsi.
Allin da ya rage mini bai fi haƙorin akuya ba.
Tirelolin siminti na fitowa daga Ashaka
suna kaɗa tagar da ta daɗe da rabuwa da gilashi.
Yara saba'in da huɗu, benci tara,
sauran a ƙasa, gwiwa na gugar gwiwa.

Na rubuta s,
suka yi ta kamar an yayyafa ruwa a garwashi.
Na rubuta h,
suka huro ta kamar mai fifita koko da baki.
Na jera su kafaɗa da kafaɗa, na ce to, bismilla.
Suka ce, "Sa-ha."
Na goge, na sake.
"Sa-ha."
Bappayo har da miƙewa tsaye, don in san ya iya.

Na ce baƙi biyu ne, amma sauti ɗaya.
Suka zuba mini ido
kamar na ce raguna biyu, wutsiya ɗaya.

Ana haka Kyallu ta shigo a makare,
ƙaninta ɗaure a baya da zane ruwan ganye,
uwarsu ta tafi awo.
Ta yi sallama a ɗarare, tana jiran faɗa.
Na ce tsaya nan bakin ƙofa.
Ku, mutum nawa suka shigo?
"Biyu!"
Sallama nawa kuka ji?

Wata tirela ta wuce kafin a amsa.
Can ƙurya wata siririyar murya ta ce,
"Ɗaya, Malam."

To, s ce ta goyo h.
Tare suke shigowa, sallamarsu ɗaya.
Shanu. Shayi. Shinkafa.
Wani ya nuna buhun da muka toshe taga da shi,
ya ce ga ta can ma, a tsakiyar Ashaka.

Daga nan hanya ta buɗe.
Sara na gatari ne,
a goya mata h, ta koma shara, sai tsintsiya.
T ta goyi s, ga tsara, abokin kokawa.
Kano gari ne mai nisa, sai an biya kuɗin mota,
kwano kuwa ga shi bisa kanmu yana yoyo.
Gani kowa na yi, gwani sai an sha wuya.

Na ce kowa ya rubuta abin da ake yi a gidansu.
Bappayo ya kawo nasa yana taƙama:
"Innata tana kai ƙarya kasuwa."
Na karanta a fili, ban yi tunani ba,
aji ya tuntsire.
Idonsa ya kawo ruwa.
"Innata ba ta ƙarya! Nononta ko ɗigon ruwa babu!"
Na durƙusa, na ce na sani, ni ma a wurinta nake saye.
Goyo ka yar a hanya.
Koma ka ɗauko w.
Ya lashi yatsa, ya murje, ya cusa ta a matse
tsakanin ƙ da a,
ƙwarya ta dawo kan Inna da nononta.

Dab da tashi Kyallu ta ja mini hannun riga.
Ta rubuta sunanta a tafin hannu da guntun allina.
"Malam, ni ma k ɗina goyo take.
Yaushe y zai sauka ya taka da ƙafarsa?"
Na ce yana takawa, duba yaro, duba yamma.
Ta gyara ɗaurin zane, ta ce, "Nawa ma ya kusa."

Kamar ya ji, ya motsa, ya buɗe baki zai tsala kuka.
Bakuna saba'in da huɗu
suka juyo gare shi a tare:
"Shhh."
Ko Bappayo bai ce sa-ha ba.